Tsokar da aka jefa a bokiti

Ƙarshen watan nan zan bar sashen tiyata. Wasu sun riga sun ji, wasu kuma sun ji har da ƙarin gishiri, don haka gara in faɗi nawa da bakina. Babu wanda ya kore ni, kuma ba ƙasar waje na nufa ba. Gurbin horo na samu a ɓangaren nazarin tsoka, wajen masu duba tsoka da madubin ƙara girma, ni kuma na nema da kaina. Ƙannenmu da suka zo sanin makamar aiki sun matsa in rubuta musu abin da na koya a nan kafin in tafi. Da na zauna jerawa sai na ga duk sauran darussan sun taru ba su kai nauyin guda ɗaya ba, saboda haka a kansa zan fi daɗewa.

Dattijo ne manomi daga wani ƙauye ta wajen Igabi, ya haura sittin. An turo shi da takarda mai layi biyu: kumburi a matsematsin dama, ana zaton ƙaba ce. Kafin nan ya yi wata huɗu yana shan maganin tarin fuka. Yana tari, ya rame, hoton ƙirji ya nuna tabo-tabo, to a Kaduna me za a ce? An yi masa gwajin majina na GeneXpert bai nuna komai ba, aka ɗora shi a kan magani duk da haka. Ban cika ganin laifin wanda ya yi hakan ba. Tibi, wato tarin fuka, ya yi mana yawa, maganinsa kyauta ne, kuma akwai masu tibin gaske da majinarsu ba ta nunawa. Sai dai wanda magani ya karɓa, cikin 'yan makonni yakan fara neman abinci, jiki ya fara dawowa. Shi Baba kullum ƙara zubewa yake, ga fitsari ja saboda rifamfisin da ke cikin maganin tibin, ga idanu sun fara yin ɗorawa.

Ina taɓa kumburin na san ba ƙaba ba ce. Ba ya bugo hannu idan ya yi tari, ba ya komawa ciki idan ya kwanta. Kaluluwa ce, amma ba irin ta mai sabon miki ba, wadda ke zafi tana sa ɗingishi. Ƙulle-ƙulle ne masu tauri da suka manne da juna, kuma ko na matsa ba ya cewa wayyo. Kaluluwar matsematsi daga ƙafa take karɓar ruwa, wannan tun muna yanka gawa a makaranta muka sani. Na ce a cire masa takalmi.

Takalmin roba ne da safa biyu, saboda sanyin hunturu. Dunduniyar duk kaushi da faso, sai da Sista ta kawo ruwan ɗumi muka jiƙa muka goge kafin in ga fata. A gefen ciki na dunduniyar dama akwai tabon ɗinki, tsawonsa kusan santimita 3, ya warke, amma bakinsa ɗaya ya yi baƙin da ya fi na sauran fatar, gefensa ba daidai ba. Na bi ƙwaurin da yatsa zuwa sama. Ƙananan ƙuraje masu tauri a ƙarƙashin fata, wasu baƙaƙe wasu ba launi, sun yi layi zuwa bayan gwiwa. Na juya wajen babban ɗansa.

“Malam, wannan tabon fa?”

“Likita, ai nan asibitin aka yi masa aiki, shekara biyu ke nan. Wani baƙin abu ne ya fito masa, mun ɗauka tawadar Allah ce, sai ya fashe ya zama gyambo. Wanzami ya yanka ya dawo, shi ne muka kawo shi nan.”

“Da aka cire, an ba ku kwalba ku kai gwaji?”

“Wace kwalba, Likita?”

Na sa aka tono tsohuwar foldarsa daga ɗakin kati. Rubutun aikin layi uku ne: an cire tsohon gyambo a dunduniya, an ɗinke, a dawo cire zare. Babu girman abin, babu launinsa, babu maganar gwaji. Hannun da ya yi rubutun kuwa duk wanda ya yi wata guda a sashen nan ya san shi: na Oga ne, babban likitan da Baba ke hannunsa.

An sha gaya mini daga baya cewa da na yi dabara, da na same shi a ofis ni da shi. Na same shi kuwa, da yammacin ranar, folda a hannuna, na rufe ƙofa. Na ce, “Yallaɓai, ina zargin melanoma ce ta dawo ta bazu, ina neman izini in ɗauki tsoka.” Melanoma wani nau'in dajin fata ne. Bai buɗe foldar ba. Ya ce tibin kaluluwa ne, a ci gaba da magani, kada in sa talaka kashe kuɗin banza. Washegari a zagaye, da muka iso gadon, ya tambayi abin da aka tsara, na maimaita abin da na faɗa masa, domin shi ne abin da na rubuta. A gaban ɗalibai da ma'aikatan jinya da majinyatan gadajen kusa ya ce, “Ke yanzu shekararki nawa da gama makaranta? Melanoma nawa kika taɓa gani? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.” Aka yi 'yar dariyar da ake yi idan Oga ya yi magana. Baba bai san abin da ake ciki ba, shi ma ya yi murmushi.

Tambayarsa ta biyu ita ce ta fi tsaya mini, domin amsarta ita ce matsalar. Ba ma ganin melanoma da yawa a rubuce saboda ba ma aika tsoka. Littattafan da muka haddace da hotunan fararen fata aka cika su: tabo a baya ko a kafaɗa, na mutumin da rana ta gasa. A wurin baƙar fata ciwon ya fi fitowa inda rana ba ta kaiwa, wato tafin ƙafa, dunduniya, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Wuraren nan kuwa ba wanda ke dubawa, mu da majinyatan duka. Manomi ya ce ƙaya ce ta soke shi, mai ciwon suga a ce mikin suga ne, wata a ce mata ta taka abin sammu. Ko zabiya, da kowa ke tunawa da su idan an yi maganar dajin fata, yawanci wani nau'in daban ne ke kama su. Kuma ba kowane baƙin tabo a tafin ƙafa ne abin tsoro ba, mutanenmu da yawa suna da su tun suna yara, haka layin duhu a farce. Abin da ke sa a tsaya shi ne tabon da ya fito da girma, yana faɗaɗa, launinsa ya cakuɗe, ko ya fashe ya ƙi warkewa, da kuma layin farce ɗaya tak da ke ƙara faɗi har baƙin ya malalo kan fatar gindin farcen.

Ƙarshen makon wani babban likita ne ke kan kira. Na kai shi gadon, ya duba ƙafar da kansa, ya yi shiru, ya sa hannu a takardar. Amma kafin allura sai da muka sha fama da iyalin, domin kawun yaran ya zo da maganar da duk kun sani: daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ban yi masa gardama da ilmin littafi ba. Hujjarsa tana gabansa, an yanka shekara biyu da suka wuce, ga abin da ya biyo baya. Na ce, “Alhaji, wancan an yanke ba a tambayi sunansa ba. Wannan karon sunansa kawai nake nema, don mu san ko maganin da yake haɗiya kullum nasa ne.” Baba ne ya raba gardamar. Ya ce, “'Yar nan, yi aikinki. Na gaji da ƙwayoyin nan.”

Na soka siririyar allura a kaluluwar na ja. Abin da ya hau sirinji baƙi ne wuluk kamar tawadar allo. Sista ta dube ni, ni ma na dube ta, ba wanda ya ce uffan. Na shafa a gilasai, sannan na kashe wuri na ciro ɗaya daga cikin ƙurajen ƙwaurin gaba ɗayansa, na jefa a fomalin, ruwan adana tsoka. A takardar na rubuta komai: inda aka ciro, aikin shekara biyu da ba a gwada ba, hoton ƙirji, maganin tibi, da abin da nake zargi. Ɗan ya ɗauki kwalbar a leda ya hau mota a Kawo zuwa asibitin koyarwa na Shika. Buhunan masara ya sayar kafin ya iya.

Bari in tsaya a kan kwalbar nan, don a nan ake yawan ɓata aiki. Fomalin mai kashi 10 ake sawa, kuma yawansa ya ninka girman tsokar kusan sau goma. Na ga an aika tsoka cikin ruwan gishiri, na ga an aika a naɗe da bandeji, ta isa ta ruɓe, kuɗin mota da na gwaji sun tafi. Na ga takardar da abin da aka rubuta kawai shi ne “ƙari a ƙafa”. Mai madubi ba boka ba ne. Melanoma tana iya kama da kusan kowane irin daji a ƙarƙashin madubi, wata ma ba ta da baƙi ko kaɗan, ja take ko launin nama. Irin wannan sai an yi rini na musamman, su S100, SOX10, HMB-45 da Melan-A, kuma kuɗinsu daban ne. Idan ba ka faɗa masa an taɓa yanke baƙin abu a dunduniya ba, yana iya fara nema ta wata hanya, majinyaci na biya. Haka kuma allura idan ba ta nuna komai ba, ba ta wanke kaluluwar ba, a ciro tsoka.

Sakamako ya dawo: melanoma a kaluluwa, melanoma a ƙurjin fata. Ranar muka tsayar da maganin tibi.

Daga nan aikin ya koma gano iyakar inda ta kai. Ƙurajen da ke tsakanin dunduniya da matsematsi, da kaluluwar kanta, duk har yanzu mataki na uku ne, domin ciwon na bin hanyar ruwansa ne bai tsallake ba. Da ya isa wata gaɓa mai nisa, mataki na huɗu ke nan. Tsarin AJCC na kasa matakan daji, bugu na 8, wanda ya fara aiki a 2018, ya kasa wannan gida huɗu: fata ko kaluluwa mai nisa, huhu, sauran kayan ciki irin su hanta, sai ƙwaƙwalwa, wadda ta fi muni. Ana kuma haɗawa da gwajin jini na LDH, idan ya hau alama ce mara kyau. Na Baba ya hau. Sikanin ciki ya nuna ƙulle-ƙulle a hanta, wato wata huɗu ana ɗura wa hanta mai ciwo magungunan da ko lafiyayya suna wahalarwa. Na sake ɗaga tsohon hoton ƙirjin a gaban taga. Tabon zagayayyu ne, manya da ƙanana, a huhu biyu, sun fi yawa ta ƙasa, babu rami ko ɗaya. Tibin manya ya fi son saman huhu, yana kuma yin rami. Hoton nan ya bi ta hannu da yawa kafin nawa.

Littafi zai ce a yi manyan hotuna: CT na ƙirji da ciki da ƙugu, MRI na kai, ko PET. Gaskiya ne, kuma mai hali ya yi. Amma wanda sai ya sayar da hatsi kafin kowane gwaji, dole ka tsara masa abin da zai fara biya. Ra'ayina, wanda ba kowa ya yarda da shi ba: tsoka ce farko, ko da ita kaɗai za a iya. Na sha ganin an tura mutum hoton da ya ci kuɗin bijimi guda, aka dawo da rahoto mai shafi biyu da ƙarshensa ke cewa a ɗauki tsoka, alhali ga kaluluwa nan a ƙarƙashin yatsa, allura ɗaya ta isa. Bayan tsoka sai hoton ƙirji, sikanin ciki da LDH. Abin da ya wuce nan, ka tambayi kanka ko sakamakon zai canza abin da za ka yi gobe.

Hoton kai kuwa bai jira mun tsara ba. Wani dare ya faɗi yana jijjiga, hannun hagu ya mutu. CT ya nuna ƙulle-ƙulle a ƙwaƙwalwa, ɗaya ya zubar da jini a cikinsa, abin da melanoma ta shahara da shi. Da a ce a wannan daren ya fara zuwa asibiti, da shanyewar ɓarin jiki za a rubuta, a auna hawan jini, a sallame shi, ba wanda zai cire safar. Haka mai ƙullin hanta za a ce dajin hanta ne na masu ciwon hanta nau'in B, mai toshewar hanji a buɗe shi a yi mamaki, domin ƙaramin hanji ma wurin zuwanta ne. Tana iya dawowa bayan shekara goma ko fiye. Saboda haka duk mai ƙari da ba a san asalinsa ba, a tambaye shi me aka taɓa yanke masa, a ƙirga yatsunsa, a duba baki da hanci da dubura, a tambayi dalilin idon da aka cire. Wani lokaci ko an duba ba za a sami inda ta fara ba, garkuwar jiki ta cinye na farkon ta bar 'ya'yansa.

Ɗan ya tare ni a baranda. “Likita, don girman Allah kada ki faɗa masa.” Na ce ba zan ɗora masa abin da bai tambaya ba, amma idan ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba. Sai ya ce, “To akwai magani?”

Wannan tambaya da ta fi sauƙin amsawa a da. Kafin 2011 maganin da aka fi amfani da shi dakabazin ne, wanda kaɗan ke amsawa, kuma yawancin masu mataki na huɗu ba sa cika shekara. A 2011 Amurka ta amince da ipilimumab, mai sakin garkuwar jiki ta yaƙi ciwon, da vemurafenib na masu sauyin ƙwayar halitta mai suna BRAF. A 2014 pembrolizumab da nivolumab suka biyo baya. A wani babban gwaji da aka haɗa nivolumab da ipilimumab, kusan rabin majinyatan suna raye bayan shekara biyar. Jimmy Carter, wanda cibiyarsa ta yi yaƙi da kurkunu a ƙasar nan, ya sanar a watan Agustan 2015 cewa melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa, yana da shekara 90. An yi masa tiyata da gashi, wato ƙona ciwon da haske, aka sa masa pembrolizumab, ya rayu har Disamban 2024, ya cika ɗari. Wato magani akwai. Sai dai kowace allura miliyoyi ce, ana kuma maimaita ta duk mako uku. Irin ta tafin ƙafa ba ta cika amsawa kamar irin ta rana ba, kuma sauyin BRAF, da ake samu a kusan rabin melanomar fata, a irin tamu bai kai haka ba. Asusun tallafin masu daji na gwamnatin tarayya da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza ya fara, ba da irin wannan ba. Duk wannan na tauna shi na faɗa wa ɗan daidai yadda zai ɗauka, har da adadin kuɗin, don na ga gidajen da aka sayar da gona saboda likita ya ji nauyin faɗin gaskiya. Na rubuta musu takardar zuwa sashen daji a Shika ko za a gasa ciwon da ke kai. Suka yi shawara suka ce gida za su.

Mun sa masa deksametason saboda kumburin ƙwaƙwalwa, da maganin jijjiga, da mofin na sha mai rage zafi. Ya farfaɗo har yana zama yana shan kunu. Ranar tafiya ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, “'Yar nan, Allah ya yi miki albarka, kin raba ni da ƙwayoyin nan.” Bai tambayi sunan ciwon ba. Bayan 'yan makonni ɗan ya kira ya ce an yi jana'iza.

A taron sashe na watan, Oga ya gabatar da shi a matsayin abin koyi ga ɗalibai. Hotunan da ya haska nawa ne, daga wayata aka tura masa. Ya yi bayani mai kyau, ban hana shi ba, ya iya koyarwa. Da ya zo kan tarihi sai ya ce an cire ciwon farko “a wani wuri” ba tare da gwaji ba, ya girgiza kai, ya ja kunnen yara a kan sakacin ƙananan asibitoci. Na ɗaga hannu na ce, “Yallaɓai, a ƙaramin ɗakin tiyatarmu ne, yana cikin tsohuwar folda.” Ɗakin ya yi tsit. Ya ce za a duba. Foldar ba ta sake fitowa daga ɗakin kati ba, an ce ba a ganta ba.

Abin da ya fito takardar tuhuma ce, a kan na yi wa majinyaci aiki ba da izinin babban likitan da ke da shi ba. Na amsa, na haɗa kwafin takardar da wanda ke kan kira ya sa wa hannu, da kwafin abin da na rubuta tun ranar farko da kwanan wata da ƙarfe. Magana ta mutu a takarda. A wajen takarda kuwa littafin ayyukana ya kwanta a teburinsa har lokacin cike fom ɗin jarrabawa ya wuce, sunana kuma ya riƙa faɗowa a jerin masu aikin kira duk bikin Sallah. Waɗanda suka yi dariya a zagaye sun zo ɗaya bayan ɗaya a ɓoye suna cewa ai gaskiyata ce. Na gode musu. Ko ɗaya bai faɗa a taro ba.

Wasu sun ce mene ne amfanin tonon, tunda ko an gano ba a iya warkar da shi ba. A lokacin da na gan shi, haka ne. Shekara biyu kafin nan fa? Da tsokar ta shiga kwalba, da mai madubi ya auna kaurinta da milimita, ma'aunin da Alexander Breslow ya fitar tun 1970 kuma har yau shi ne kan gaba wajen hasashen makomar ciwon. Ƙasa da milimita 1 yawanci yanka mai kyau ya isa. Sama da 4, musamman idan ya fashe, an san haɗari ne babba. Da an san a koma a faɗaɗa yankan da santimita 2 a kowane gefe, a lalubi matsematsi, a ce masa ya riƙa dawowa. Ba na ce lallai da ya rayu ba, wanda ya riga ya zama gyambo har wanzami ya taɓa ya yi nisa. Amma da kaluluwar ta fara fitowa da an san ko mece ce tun tana ɗaya, da bai sha wata huɗu na maganin da ba nasa ba, da 'ya'yansa ba su yi ta nesa da shi da jikoki suna tsoron ɗaukar tari ba. Duk wannan kuɗin kwalba ɗaya ne da minti biyu na cike takarda. Kuskure kowa na yi, kuma na yarda ranar yana iya kasancewa layi ya yi tsawo, ko fomalin ya ƙare, ko majinyacin ya ce ba shi da kuɗi. Da ya rubuta hakan, ko da ya ce “nawa ne” a taron, da yau ba na wannan rubutu.

Don haka, ƙannena, duk abin da kuka yanka daga jikin mutum ya shiga kwalba. Idan ya ce ba shi da kuɗi, ku rubuta cewa kun nema ya kasa, ku ba shi kwalbar a hannu, fomalin na riƙe tsoka har ya samu. Abin da kuka gani da abin da kuka ba da shawara, ku rubuta shi da kwanan wata da ƙarfe da suna a fili, ko da an yi muku dariya, ku kuma ajiye kwafin duk takardar da wani babba ya sa wa hannu dominku. Ba ina koya muku rashin kunya ba ne. Ku gaida manya, ku ɗauki jaka, ku fara samunsu a ofis. Idan sun ƙi, akwai wani babban a kan kira.

Sauran gajeru ne. Mai tibi da bai ƙara nauyi ba bayan wata biyu, a sake tunani daga farko. Mikin suga da bai warke ba duk da an gyara suga da jini, a ɗebi gefensa. Ku yi zagaye da Sista, ta riga ku ganin ƙafar kowa. Ku ci abinci kafin ku shiga tiyata. Ku karɓi lambar waya biyu daga kowane gida, ɗaya kullum a kashe take. Kada ku bar littafin ayyukanku ya kwana a teburin kowa.

Na buɗe rajista a ƙaramin ɗakin tiyata, babban littafi mai baƙin bango, inda ake rubuta kowace tsoka da aka cire, wanda ya cire, inda aka aika da ranar da sakamako ya dawo. Ba umarnin sashe ba ne, da kuɗina na saya, don haka babu wanda zai tilasta muku cike shi. Yana durowa ta biyu, makulli na wurin Sista mai kula da ɗakin. Akwai sakamakon da ba su dawo ba tukuna, na ja musu layi da jan biro, ciki har da wata mata daga Rigasa mai baƙin farce a babban yatsa. Wanda ya karɓi asibitin ranar Talata ya kira mijinta, ya fi ɗauka bayan la'asar.